Lallen Inna Aisatu da Injin Yawunde

Duk matar da ta yi aure a unguwar su Haula a Garwa, in ka duba hotunan bikinta za ka ga aikin Inna Aisatu a hannunta. Ita ce mai ƙunshin unguwar, kuma ba irin ƙunshin yaran yanzu take yi ba, wanda kafin amarya ta gama gaida dangin miji ya koɗe. Lalle take kwaɓawa na gaske, ta lafta, ta ɗaure, idan ya kama ta bi shi da wani haɗi nata da ko 'ya'yan cikinta ba su san me ke ciki ba, sai kan yatsu ya koma baƙi wuluk yana sheƙi. Ka zagi miyarta in ka ga dama, ba za ta ɗaga kai ba. Amma ka ce lallenta ya koɗe da wuri, to kun ɓata ke nan.

Haula ce 'yarta ta fari, don haka tunda ta zo duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Mata da yawa a Garwa sun sassauta wannan kunya, wasu ma har hoto suke ɗauka rungume da ɗan fari. Inna Aisatu kuwa riƙe abinta ta yi gam, har ta ƙara masa da nata. Ba ta yi wa Haula magana kai tsaye. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, sai ta juya ga ƙanwar Haula ta ce, "Bilki, gaya wa addarki abincinta na nan a rufe." Idan Bilki ba ta nan, ta gaya wa kyanwa. Idan kyanwa ta fita yawo, tukunya ma ta isa. Haula ta girma tana karɓar saƙon uwarta daga bakin kayan girki, har abin ya daina ba ta mamaki. Lokaci ɗaya ne Inna ke riƙe hannunta, shi ne in za ta yi mata ƙunshi.

Haula Turanci take koyarwa a wata lise, wato sakandare, mai zaman kanta, ajin da yara suka yi wa benci yawa, ga zafin Garwa da ke sa alli ya jiƙe a hannu. Tana son aikin, sai dai ta gaji da koya wa yara gaisuwar safe shekara da shekaru, su kuma suna amsa mata da Fulatanci. Ana nan sai Baffa Mas'udu, ƙanen babanta da ke zaune a Istambul yana aiko da atamfa da dogayen riguna, ya ji labarin wata makarantar 'yan mata a can da ke neman malamar Turanci. Aka yi mata tambayoyi ta waya, fuska da fuska, ta ci. Babanta Alhaji Hamadu ya amince, tunda a gidan ɗan'uwansa za ta zauna. Inna kuwa da aka gaya mata, sai ta ci gaba da tankaɗen lallenta, can ta ce, "Bilki, tambayi addarki, masu son Turancin sun ƙare ne a Garwa?" Daga wannan ba ta sake cewa komai ba, ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba.

Sai aka shiga neman bizar aiki. Wanda bai taɓa haɗa dosiye ba, wato tarin takardun da ake nema, bai san iyakar haƙurinsa ba. A kawo takardar haihuwa, a buga mata tambari, a kai wani ofis ya shaida cewa tambarin tambari ne. A kawo shaidar cewa ba ta taɓa zaman kurkuku ba, alhali duk unguwa sun san ko kaza ba ta iya yankawa. Hoton farko aka ce ta yi murmushi, na biyu aka ce mayafi ya rufe goshi. Haula ta bi su ɗaya bayan ɗaya a bayan moto, wato babur ɗin haya, rana na dukan ta. A ƙarshe dai komai ya haɗu, saura abu guda: ta je Yawunde ofishin biza a ɗauki hoton yatsunta. Aka ba ta randebu, wato ranar da za ta je.

Ana gobe tafiya, sai ga Inna ta fito da ƙwaryar lalle ta ajiye a inuwar mangwaro.

"Bilki, gaya wa addarki 'yar gidan nan ba ta shiga babban birni da hannu fari fat."

Daɗi ya kama Haula, don ta ɗauka albarkar da take jira ce ta zo. Ta miƙa hannuwa biyu. Inna ta zage ta yi mata ƙunshin da ko amaryar gidan Lamiɗo sai haka, ta bi kan yatsu da haɗin nan har sau biyu. A motar Ngawundare mata suka yi ta kama hannun suna juyawa suna tambayar wa ta yi. A jirgin ƙasa wayarta, wadda da yatsa take buɗe ta, ta ƙi gane ta, Haula ta ce zafi ne ya taɓa wayar.

A ofishin biza, wani mutumin kudu mai ƙaramin gemu, Musiye Léon, shi ke kula da injin. Wani ɗan akwati ne mai gilashi a sama, in ya gamsu ya kawo koriyar wuta, in bai gamsu ba ja. Haula ta ɗora yatsu huɗu. Ja. Ta danna da ƙarfi. Ja. Musiye Léon ya leƙo, ya ga hannun, ya sauke numfashi irin na wanda ya saba.

"Madam, daga arewa kike, ko?" ya tambaya da Faransanci.

"Daga Garwa."

"Ai na gani. Injin ya ce bai ga kowa ba."

"Ga ni kuwa a tsaye."

"Ni na gan ki, madam. Shi ne bai gan ki ba, kuma maganarsa ake ji a nan, ba tawa ba."

Ya ba ta tsumma ta goge. Ya fesa mata ruwan goge hannu. Ya ce ta hura iska, ta shafa a goshi, ta sake gwadawa. Masu jira a layi suka fara ba da tasu shawarar, wata tsohuwa ta ce a gwada yatsun ƙafa, Haula ta ji kunyar cewa su ma an ƙunsa su. Injin dai bai canza ra'ayi ba. Daga ƙarshe Musiye Léon ya ce zai ba ta wani randebu nan da 'yan makonni, amma shi ne na ƙarshe a kan wannan dosiye, in ya wuce sai ta faro daga takardar haihuwa. Ya ƙara da cewa, "Ki zo da yatsun da Allah ya ba ki. Kuma kada ki kankare su da reza, mun ga masu yin haka."

Ta kira makarantar Istambul daga bakin titi. Shugabar ta saurare ta da kyau, ta ma yi dariya, sannan ta ce zango ya kusa farawa, in wannan karon bai yiwu ba dole su ba wata gurbin.

Kafin Haula ta iso Garwa labari ya riga ta. Da ta shiga gida, jajen da take tsammani babu shi. Tsakar gida cike take da mata, kowace ta naɗe hannun riga tana jiran layi.

"Inna Aisatu, ni irin na Madam nake so, wanda ya gagari injin Turawa!"

"Wai an ce har hayaƙi ya yi?"

"Ni an ce mini sai da aka kira wani daga Faransa ya gyara shi."

Inna tana tsakiya tana kwaɓi, fuskar nan a ɗaure kamar ba ita ake yabo ba, amma duk wanda ya san ta ya ga yadda wuyanta ya miƙe. Ba ta dubi Haula ba. Ta ce, "Bilki, a gaishe da matafiya. Ashe injin nasu ma ba shi da wani ƙarfi."

Daga ranar Haula ta shiga yaƙi da lallen uwarta, unguwa kuma ta rabu da duk wata sana'a ta koma ba da magani. Wata ta ce lemon tsami da gishiri. Wata ta ce toka da kanwa. Wata ta ce man goge baki. Wani malamin kimiyya a lise ya ce ruwan zabel mai sa tufafi fari, ya gwada mata a ɗan yatsa ɗaya, ta kusa marin sa. Ɗalibanta suka gano tana shiga aji da rabin lemon tsami a aljihu, suka sa mata suna Madam Sitron, sunan lemon da Faransanci. Sai wata maƙwabciya mai hangen nesa ta ce babu abin da ke cin lalle irin wanki, kuma don zumunci ta aiko da zannuwan gadonta. Kafin mako ya zagayo, Haula na wanke kayan gida biyar kyauta, masu kayan kuma in sun zo karɓa ita ke yi musu godiya. Igiyar shanya ta tsinke sau biyu. Lallen kuwa yana ja da baya a hankali, yana nuna shi ɗan gidan mutunci ne, ba a korar sa da gaggawa.

Wata ranar tana durƙushe a gaban baho, Bilki na ɗauraya, sai Bilki ta ce, "Adda, ni fa abin da ya ɗaure mini kai, bara da Hajja Rumaisa za ta Makka ta zo a yi mata ƙunshi, Inna ce ta hana ta."

"Ta hana ta me?"

"Ta ce ta bari sai ta je ta dangwala yatsa ta dawo, wai injin ba ya son lalle. Duk masu zuwa hajji haka take gaya musu."

Haula ta tsaya da wandon wani yaron maƙwabta a hannu, kumfa na ɗiga.

"Inna ta san da haka?"

Sai a lokacin Bilki ta gane abin da ta faɗa. Ta toshe baki da jiƙaƙƙen hannu, ta ce ita fa ba ta ce komai ba, ta ɗauki bokiti ta yi bakin famfo da gudu.

Ran Haula ya ɓaci ƙwarai. Ta tuna yadda ta miƙa hannu tana murna, yadda aka bi kan yatsun har sau biyu. Ta wanke kumfa, ta yafa mayafi, ta hau moto sai shagon babanta a babbar kasuwa. Alhaji Hamadu ya saurare ta yana jan carbi, yana duban bandir ɗin yadi kamar amsar na ciki.

"Baba, da gangan ta yi."

"To, Allah dai ya sani."

"Ka yi mata magana mana."

"Haula, maganar lalle maganar mata ce. Ni na sa hannu a takarda, nawa ke nan." Ya rage murya duk da babu kowa a shagon. "Tun ranar da Mas'udu ya kira, uwarki ba ta cin abinci sosai. Kada ki ce ni na gaya miki." Sai ya hango wani abokinsa a waje, ya tashi da saurin da ba a san shi da shi ba.

Ta dawo gida da niyyar yin magana, amma da wa? Mutumin da bai taɓa yi maka magana kai tsaye ba, ta ina za ka yi faɗa da shi? Ta tsaya a ƙofar kicin, Inna na juya miya. Daga ƙarshe Haula ta dubi kyanwa ta ce, "Wasu dai ba su kyauta ba." Inna ta ce wa tukunya, "Gishiri ya yi." Iyakar rigimar ke nan.

A hankali kan yatsun ya koma ja, ja ya koma ruwan goro, ruwan goro ya tafi. Fatar ta yi laushi ta mutu don wanki da tsami, ko ƙaya ta taɓa ba ta ji sosai, amma zanen yatsun na halitta yana nan. Wata safiya wayarta ta buɗe da kanta da ta taɓa, Haula ta yi ihu har Bilki ta fito da gudu tana zaton kunama ce. Maƙwabta suka ji labari, wasu ba su ji daɗi ba, don wanki ya koma hannun masu shi.

Ana gobe tafiya ta biyu, bayan azahar, Haula na shirya jaka sai ta ji ƙamshin da ta sani. Ta leƙo. Ƙwaryar lalle na inuwar mangwaro, ga salatif da almakashi, ga ledoji da tsummokara, Inna na zaune ta miƙe ƙafa.

"Bilki, gaya wa addarki 'yar gidan nan ba ta fita da hannu fari kamar mai takaba."

Bilki ta diro daga kujera. "Haba Inna! Kay, wannan ai zalunci ne. Kin san fa in ta rasa wannan shi ke nan. Wallahi ba zan faɗa ba."

"Ta ji ai."

"To ni ba da ni ba," in ji Bilki. Ta figi mayafi ta fice gidan maƙwabta tana ƙunƙuni. Alhaji Hamadu, wanda ya shigo cin abinci, ya hangi ƙwaryar daga zaure, ya tuna yana da baƙo a kasuwa.

Gidan ya rage su biyu, ko kyanwar ba ta nan. Haula ta tsaya a bakin ƙofa tana duban yatsunta goma da ta sha wuya a kansu. Tana da bakin da za ta ce a'a, da Hausa da Faransanci da Turanci, babu kuma wanda zai ga laifinta. Tana iya ƙin yarda, ta tafi Yawunde, ta samu biza, ta hau jirgi. Amma sai abin ƙarshe da ya shiga tsakaninta da uwarta ya zama uwar ta miƙo hannu ita ta janye nata. Matar nan ba ta da wata hanyar taɓa ta sai wannan. Haula ta ji haushi, ta ji tausayi, ta rasa wanne ya fi. Tana son tafiyar nan kamar ranta, amma ta san ba za ta iya zama a wata ƙasa da wannan a zuciyarta ba.

Ta zo ta zauna a tabarma. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya kai wajen bango, ta miƙa hannuwan.

Ta ji ƙarar almakashi, ta ji ana manna salatif ana bin tafin hannu da yatsu don fitar da zane, kamar kullum. Sai sanyin lalle ya sauka. Inna ba ta gaggawa, tana riƙe kowane yatsa ta daɗe a kansa. Da aka zo ɗaurewa Haula ta saci kallo ta gefen mayafi, ta ga lalle ya rufe komai har ƙarshen farce, an lafta shi ba tausayi. Ta mayar da kai. A ranta ta fara tsara abin da za ta ce wa shugabar makaranta, da yadda za ta koma wa yaranta na lise su ci gaba da kiran ta Madam Sitron har ta tsufa.

Suka zauna haka, hannuwanta ɗaure a leda kamar ƙullin ƙosai. Aka kira la'asar, Inna ta yi sallarta ta dawo. Sai da inuwar mangwaro ta kai bango sannan ta jawo bokitin ruwa ta fara kwancewa. Ta kankare busasshen lallen, ta shiga ɓare salatif ɗin. Tafin hannu ya fito ja wur, zane ya kama ras, irin wanda ba ta taɓa yi wa ko amarya ba. Sannan ta kama kan babban yatsa ta warware wani naɗi, ta jefar. Ta kama na kusa da shi.

Haula ta duba. Kan yatsun nan goma, daga gaɓar ƙarshe zuwa sama, fari tas, ko ɗigon lalle bai taɓa su ba. An naɗe kowanne da salatif ninki biyu kafin a lafta lallen a kai.

Ta ɗaga kai ta dubi uwarta. Inna ta waiga neman Bilki, babu. Ta nemi kyanwa, babu. Sai ta dubi ƙwaryar lalle ta ce, "A gaya wa mai tafiya, na bar wa injin nasu abin da yake so. Sauran hannun nawa ne." Ta ɗauraye almakashi. "Kuma na ƙulla garin lalle a jaka. Ban san wa zai ƙunsa mata a can ba."

Hawayen da Haula ta riƙe tun azahar suka zubo. Ta ɗaga hannu za ta share, Inna ta buge shi.

"Za a ɓata mini aiki, bai gama shan iska ba. Bilki, share mata fuska."

Bilki na gidan maƙwabta tana ba da labarin zaluncin da ake yi a gidansu. Inna Aisatu ta ɗan jira, kamar mai tsammanin ƙwarya za ta tashi ta yi aikin. Da ta ga babu mai yi, sai ta ja tsaki, ta kama bakin zanenta, ta tallafi haɓar 'yarta da hannu ɗaya, ta share mata da kanta.